BABI NA UKU: IKON RABON FILI DA BUNƘASAR BIRNIN KANO, 1903–2023

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai duba yadda ikon rabon fili ya yi ta sauya hannu a birnin Kano tun daga zuwan Turawa a shekarar 1903, da kuma irin tasirin da wannan sauyi ya yi ga yadda garin ya faɗaɗa. Dalilin ware wa fili babi guda shi ne, yawancin matsalolin da mazauna Kano ke kuka da su, kamar ƙarancin ruwan sha da ambaliya da cunkoso a makarantu, idan aka bi sawunsu sai a tarar sun koma ga tambayar wane ne ya ba da filin da aka yi gini a kansa, kuma bisa wace ƙa'ida ya bayar. Babin zai yi ƙoƙarin nuna cewa tattara wannan iko a hannun gwamnati bai sa garin ya bi tsari ba, domin kuwa unguwannin da suka ɗauke mafi yawan jama'a sun tashi ne ta hanyar da doka ba ta san da ita ba.

3.1 Fili a Kano Kafin Zuwan Turawa

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa an fara ginin ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134), aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), sannan aka sake ƙara ta a zamanin Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17. Abin lura a nan shi ne, ganuwar ta kewaye ƙasar da ta fi buƙatar mazaunanta nesa ba kusa ba. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya ziyarci Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunanta da kimanin mutum 30,000, waɗanda kan ninka a lokacin rani idan fatake sun sauka, ya kuma lura cewa wani babban ɓangare na cikin ganuwa gonaki ne da fili. Saboda haka wanda ke son gina gida ba ya shan wahala. Mai unguwa zai gabatar da shi, a nuna masa wuri da izinin Sarki, ya haƙi ƙasa a kusa ya yi tubali. Ramukan da aka bari a wajen wannan haƙa su ne suka zama kududdufan birni, waɗanda ke tare ruwan sama da damina.

A ƙauyukan da ke kewaye da birni kuwa, gona kan shiga hannun mutum ta hanyar gado ko kyauta ko aro ko jingina ko saye, dagaci da mai unguwa kuma su ne shaidu. Waɗannan ƙauyuka suna daga cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a ƙasar Hausa, kuma dangantakarsu da birni ta yau da kullum ce: jakuna kan shigo da itace da hatsi, su fita da takin gargajiya zuwa gonaki. Wannan ƙasa ta noma ce birnin ya hau kanta daga baya.

3.2 Birni da Waje

Rundunar Kanar Morland ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin Sarki Alu yana kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, daga nan Turawa suka naɗa Muhammadu Abbas (1903–1919). Turawan ba su zauna a cikin birni ba, sai suka kafa barikinsu a gabas da ganuwa, wajen Nassarawa da Bompai. A 1910 suka fitar da dokar ƙasa wadda ta ce duk ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna ne, yana riƙe da ita a madadin 'yan ƙasa. A aikace dokar ba ta taɓa talakan birni ba, domin an bar wa Sarki da hukumar En'e sha'anin filayen 'yan ƙasa kamar yadda aka saba. Waɗanda ta shafa kai tsaye su ne baƙi, wato kamfanonin Turawa da Kwarori da mutanen Kudu, waɗanda ba su da hanyar samun fili sai da takardar gwamnati ta haya mai wa'adi.

Isowar hanyar jirgin ƙasa Kano a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa daga 1912 su ne suka jawo baƙin da yawa. An kafa Sabon Gari a 1913 domin akawuna da leburori da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Dokar garuruwa ta 1917 ta sanya Sabon Gari da unguwar Turawa da wurin kantuna a ƙarƙashin Joji, ba Sarki ba, ta kuma tanadi a bar filin da ba a gini mai faɗin yadi 440 tsakanin mazaunin Turawa da na baƙar fata, wai saboda sauro. Fagge, wadda asalinta zangon fatake ne, ta cika da 'yan Arewa waɗanda ba Kanawa ba, Kwarori suka kafa kantunansu a kudancinta, inda ake kira Kantin Kwari. Tudun Wada da Gwagwarwa su ma sun tashi a matsayin matsugunin tsofaffin sojoji da leburori 'yan Arewa. Dukkan waɗannan su ake kira Waje.

Ta haka Kano ta zama gari guda mai dokar fili iri biyu. A Sabon Gari an yanka fuloti-fuloti a jere da tituna a miƙe, a cikin birni kuma lunguna suka ci gaba da bin son ran mai gini. Ko da aka mayar da Sabon Gari ƙarƙashin En'e a 1940, bambancin bai gushe ba. Ya kamata a yi wa En'e adalci a nan: da kuɗinta aka yi aikin ruwan famfo na Challawa da wutar lantarki a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926–1953), kuma tana da ofishin safiyo wanda ya auna gonakin gundumomin da ke kusa da birni domin tsara haraji. Amma wannan awo na karɓar haraji ne, ba wanda ya yi shi da nufin shirya wa ranar da gari zai iso gonakin.

3.3 Tsarin Shekara Ashirin da Raguwar Ikon En'e

Ƙidayar 1952 ta nuna mutanen Kano, birni da Waje, sun kai kimanin 130,000, ta 1963 kuma ta nuna sun kusa 300,000. Gwamnatin Jihar Arewa ta ga alamar abin na neman fin ƙarfin En'e, sai ta kafa hukumar tsara Kano da kewayenta a 1962. A ƙarƙashin wannan hukuma ne wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya shirya tsarin raya Kano na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda ya ware wuraren masana'antu da na gidaje da manyan hanyoyi. A shekarar 1962 ɗin ce kuma aka yi sabuwar dokar ƙasa ta Arewa, wadda ta mayar da ikon da Gwamna Bature ke da shi zuwa hannun minista a Kaduna.

Lokacin ya zo daidai da taƙaddamar da ta ɓarke tsakanin gwamnatin Sardauna da Sarki Muhammadu Sanusi. Binciken da Muffett ya yi a kan kuɗin En'e ta Kano ya kai ga murabus ɗin Sarkin a 1963 da komawarsa Azare. 'Yan NEPU, waɗanda tun kafa jam'iyyarsu a 1950 suke sukar hakimai da dagatai a kan haraji da aikin tilas da ƙwace gonaki, sun daɗe suna neman a rage wa En'e ƙarfi, amma sojoji ne suka cika musu wannan buri. Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, an karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gwamnatin Audu Baƙo (1967–1975) kuma ta kafa tata hukumar tsara birni a 1969. Wannan hukuma ta zama Hukumar Raya Birane a 1976, ta zama KASEPPA a 1990, daga baya aka raɗa mata suna KNUPDA.

Tsarin na Trevallion bai yi sa'ar zamani ba. Juyin mulkin 1966 da yaƙin basasa sun tsayar da ayyuka, kafin a farfaɗo kuma sai ga kuɗin man fetur da farin 1972 zuwa 1974 sun zo kusan lokaci guda. Kuɗin mai ya buɗe masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Challawa, fari kuma ya koro mutanen karkara da na Jamhuriyar Nijar zuwa birni. Gwamnati ta yanka filaye ta kuma gina rukunin gidaje irin na Kundila, sai dai waɗanda suka fi cin moriyarsu ma'aikata ne da 'yan kasuwa. Leburan masaƙa a Bompai da ɗan dako a kasuwar Sabon Gari ba su cikin lissafin.

3.4 Dokar Ƙasa ta 1978 da Awon Igiya

Ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta fitar da doka mai lamba 6, wato Dokar Amfani da Ƙasa. Dokar ta danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana. Ƙasar da ke cikin yankin birni gwamna ne ke ba da ita kai tsaye bisa shawarar wani kwamiti da shi ke naɗa shi, ta karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke kula da ita. Gwamnan ne kuma ke da ikon ayyana inda yankin birni ya tsaya. Ba a sayar da fili mai takarda ko a jinginar da shi sai da amincewarsa, kuma yana iya soke mallaka domin amfanin jama'a. An kuma cusa dokar a cikin tsarin mulkin 1979, aka maimaita a na 1999, ta yadda gyara ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki.

Masu dokar sun ce manufarsu ita ce hana 'yan kasuwa tara filaye da sauƙaƙa wa gwamnati samun ƙasar yin ayyuka. Har ma an ƙayyade cewa wanda ke da filin da bai gina ba a birni ba zai riƙe fiye da rabin hekta ba. A Arewa dokar ba baƙuwa ba ce sosai, tunda ta 1910 da ta 1962 ta gada. Abin da ya fi yin tasiri a Kano shi ne sashen diyya. Idan gwamnati ta karɓi gona, abin da take biya shi ne kuɗin amfanin da ke kai da itatuwa da gini, ita kanta ƙasar ba a yi mata kuɗi, tunda a idon doka ba ta manomin ba ce.

A nan ne ya kamata a tsaya a dubi lamarin ta fuskar manomin Ungogo ko Kumbotso. Ya gaji gona daga kakanninsa, yana ganin gari na matsowa kowace shekara, ya kuma ga abin da ya sami maƙwabcinsa wanda aka karɓi gonarsa aka biya shi kuɗin dawa da 'yan bishiyoyin ɗorawa, sannan aka yanka ta aka raba wa mutanen da bai taɓa gani ba, wasunsu suka sayar da takardar tun kafin su san inda filin yake. Duk mai hankali a irin wannan hali zai riga safiyon gwamnati. Sai ya kira dillali, a kawo igiya a auna gonar da ƙafa, a yanka ta ƙanana daidai ƙarfin mai saye, a kafa turaku ko a dasa bulo a kusurwa. Mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki, shaidu su sa, a ba dillali la'adarsa. Wannan shi ake kira awon igiya, kishiyar awon gwamnati.

Ga mai saye ma hanyar ta fi sauƙi. Neman filin gwamnati na buƙatar cike takardu da biyan kuɗaɗe iri-iri da jiran da ba a san ranar ƙarewarsa ba, galibi kuma sai da wanda ya san wani. Filin awon igiya kuwa ana gama cinikinsa a yini guda, ana iya biya kaɗan-kaɗan, mutum ya gina ɗaki ɗaya da banɗaki ya tare, ya riƙa ƙarawa gwargwadon samu. Ta wannan hanya ce manyan sassa na unguwanni irin su Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa da Rimin Kebe da Gayawa da Sheka da Ja'en suka cika. Yankin Ɗorayi misali ne mai kyau. Lokacin da Baturiyar nan Polly Hill ta yi bincike a can a farkon shekarun 1970, ta same shi ƙasar noma ce mai gidaje a warwatse cikin gonaki. Kafin ƙarshen ƙarnin ya zama ɗaya daga cikin unguwanni masu cunkoso a Kano.

Illar awon igiya tana cikin abin da ba a ware ba. Mai gona yana samun kuɗi ne a kan kowace ƙafa da ya sayar, saboda haka ba abin da zai sa ya bar titi mai faɗi, balle filin makaranta ko asibiti ko maƙabarta. Hanyar da aka bari takan zama lungun da mota ba ta shiga, ko ta kashe gobara ce ko ta ɗaukar mai naƙuda. Babu wurin magudanar ruwa, sai kowa ya saki kwatarsa a ƙofar gida. Rijiya da shadda kan kasance kusa da juna a gida ɗaya saboda ƙanƙantar fili, wanda hakan na daga cikin abubuwan da ke yaɗa cutar amai da gudawa da damina. Bututun hukumar ruwa bai isa yawancin waɗannan wurare ba, sai jama'a suka dogara da 'yan garuwa da rijiyoyin burtsatse na 'yan kasuwa, wato talaka ya koma yana sayen ruwa da tsadar da mazaunin unguwar Nassarawa mai famfo ba ya biya. Idan kuma daga baya gwamnati ta tashi yin titi, sai ta rushe gidaje ta biya diyyar gini, kuɗin da ya ninka abin da za ta kashe da tun farko ta biya manomi haƙƙinsa.

Ba daidai ba ne a ɗora laifin a kan masu unguwanni kawai kamar yadda jami'an tsara birni suka saba yi. Doka ta cire su daga sha'anin fili, amma ba ta kawo wanda zai maye gurbinsu a kusa da talaka ba, kuma takardar da suke sa wa hannu ita ce kaɗai shaidar da dubban magidanta ke da ita. Daga baya gwamnatoci sun gane haka, suka riƙa ba mai gona wani kaso na fulotan da aka yanka a gonarsa, irin abin da Bahaushe ke kira kashe-mu-raba. Sai dai gyaran ya zo ne bayan gari ya riga ya cinye gonakin da suka fi kusa.

3.5 'Yan Awaki da Siyasar Jamhuriya ta Biyu

Gwamnan farar hula na farko da ya riƙe wannan sabon iko a Kano shi ne Muhammadu Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP (1979–1983). Da hawansa ya soke haraji da jangali, abin da ya faranta wa talakawa rai ya kuma raba hakimai da dagatai da babban aikin da ya rage musu. Bai daɗe ba ya gamu da rikicin da ya nuna iyakar ikon gwamna a kan ƙasar birni.

Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, an taɓa korarsa daga Kano a 1962, ya dawo ya kafa zama a unguwar 'Yan Awaki. Mabiyansa, waɗanda yawancinsu matasa ne baƙi daga karkara da ƙasashe maƙwabta, sun yi ta ƙaruwa har suka mamaye wurin, suka yi gine-gine ba da izini ba, suka takura wa maƙwabta. A watan Nuwamba 1980 gwamnatin jiha ta rubuta masa takarda ta ba shi wa'adin mako biyu ya rushe gine-ginen. Amma gwamnan da ke da ikon soke mallakar fili ba shi da ɗan sanda ko ɗaya, domin 'yan sanda na gwamnatin tarayya ne, wadda ke hannun jam'iyyar NPN, abokiyar hamayyar PRP. Faɗa ya ɓarke ranar 18 ga Disamba a filin Shahuci, bai lafa ba sai da aka shigo da sojoji a ƙarshen watan. Hukumar bincike ta Mai Shari'a Aniagolu ta ba da adadin waɗanda suka mutu 4,177. An yi rubuce-rubuce da yawa a kan aƙidar Maitatsine, amma ta fuskar mulkin gari abin tambaya shi ne yadda aka yi wani yanki a tsakiyar Kano ya fita daga hannun kowace hukuma shekara da shekaru. A tsarin da, mai unguwa zai kai maganar baƙo gaban hakimi, hakimi ya kai fada, 'yan doka su zo. A 1980 fada ba ta da 'yan doka, ƙaramar hukuma ba ta da ikon fili, gwamna kuma ba shi da 'yan sanda.

Wata bakwai bayan haka, takardar tuhumar da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero ta haddasa tarzomar 10 ga Yuli 1981, inda aka ƙona gine-ginen gwamnati aka kuma kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dakta Bala Muhammad. Sababbin masarautun da Rimi ya ƙirƙiro kuwa Sabo Bakin Zuwo ya soke su da ya hau mulki a 1983.

3.6 Gari Ɗaya, Ƙananan Hukumomi Takwas

Gyaran mulkin ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, ya raba tsohuwar Jihar Kano gida 20. An ci gaba da ƙari har bayan cire Jigawa a 1991, zuwa 1996 da adadin ya tsaya a 44. Daga cikinsu takwas ne suka haɗu suka yi birnin Kano da kewaye, wato Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nassarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, waɗanda ƙidayar 2006 ta ba su jimillar kimanin mutum miliyan 2.8. Babu wata zaɓaɓɓiyar majalisa guda da ke kallon waɗannan takwas a matsayin gari ɗaya. Ruwan da ya taso daga Gwale ya bi ta Jakara ya ratsa Dala da Fagge ba ya tambayar iyakar ƙaramar hukuma, haka ma shara da cunkoson ababen hawa. Shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ta cewa a kan filin da ke yankinsa da zarar an ayyana shi birni, kuɗinsa ma ta asusun haɗin gwiwa da jiha suke biyowa, tsarin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kansa a Yulin 2024. Sakamakon haka shi ne gwamnan jiha ya zama shi ne shugaban birnin a aikace, kuma manufar fili takan sauya duk lokacin da aka sauya gwamna.

3.7 Filayen Jama'a

Da filin da ke kusa ya yi wuya, sai ido ya koma kan wuraren da a da ba mai tunanin mallakarsu. Kududdufan da aka ambata a farkon babin nan an yi ta cike su da shara ana gini a kai, ruwan da suke tarewa kuma ya koma shiga gidaje. Ambaliyar watan Agusta 1988, wadda ta rushe gidaje masu yawa a Kano a daidai lokacin da madatsar Bagauda ta ɓalle, ba ta hana ci gaba da wannan ɗabi'a ba. Ganuwa, wadda aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa a 1959 aka kuma shigar da ita jerin wucin gadi na hukumar UNESCO a 2007, an yi ta haƙar ƙasarta ana yanka fuloti a jikinta. A 2010, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka gina sabuwa.

Rabi'u Musa Kwankwaso a zangonsa na biyu (2011–2015) ya gwada wata hanya, inda ya gina sababbin rukunin gidaje uku a bayan gari, wato Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, ya kuma kafa hukumar KANGIS domin adana bayanan filaye a kwamfuta. Gidajen an yi su bisa tsari, da tituna da magudanai, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin mai sayen filin awon igiya, da yawansu kuma sun daɗe ba kowa a ciki. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje (2015–2023) ita kuma ta ba 'yan kasuwa wasu filayen gwamnati domin gina kantuna, ciki har da harabar tsohon otal ɗin Daula da gefen filin Idi na Ƙofar Mata, tana mai cewa haɗin gwiwa ne da zai kawo wa jiha kuɗin shiga. 'Yan hamayya suka ce cefanar da dukiyar jama'a ne, suka mai da maganar babban jigon yaƙin neman zaɓen 2023.

An rantsar da Abba Kabir Yusuf ranar 29 ga Mayu 2023, kuma cikin kwanaki kaɗan motocin rusau suka fara aiki a filin Sukuwa da Daula da filin Idi. Waɗanda aka rushe wa kantuna suna riƙe da takardun da gwamnatin da ta gabata ta ba su bisa ikon da dokar 1978 ta ba gwamna, sabuwar gwamnati kuma da wannan ikon ta kafa hujja. 'Yan kasuwar filin Idi sun kai ƙara Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, wadda a watan Satumba 2023 ta umarci gwamnatin jiha ta biya su diyyar naira biliyan 30. Daga baya ɓangarorin biyu suka sasanta a kan naira biliyan 3, wadda aka amince a biya daga baitulmalin jiha.